Na Tambaye Su Aikinsu, Kowa Ya Ba Ni Labarin Wani

Zuwa ga Malama Hinda,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Taimakonki nake nema, kuma lokaci ya ƙure mini, saboda haka ki yi mini izini in gabatar da kaina da manufata kai tsaye.

Ni haifaffen Magaria ne, shekarata ashirin da bakwai. Ina riƙe da lisans a fannin shari'a daga Damagaram, da masta a fannin tafiyar da al'amuran ma'aikata daga Yamai, inda malamai suka yaba wa kundin bincikena a bainar jama'a. Na ambaci wannan ne don ki tabbata wanda ke rubuto miki ya san ƙa'idar aikinsa, ba jahilci ya jefa shi cikin halin da yake ciki ba. A farkon shekarar nan wata haɗaɗɗiyar ƙungiyar manoma, wadda zan sakaya sunanta, ta ɗauke ni shugaban sashen kula da ma'aikata. Ƙungiyar tana sayen gyaɗa da wake da riɗi daga hannun membobinta da kaka, ta adana, ta sayar, kafin damina kuma ta raba musu taki da iri. Babban biro, wato ofishinmu, yana Magaria, akwai reshe a Dungas mai kula da ƙauyukan wajen har zuwa Mallawa. Ba a taɓa yin wannan kujera ba kafin zuwana. A kaina farau, kuma na ƙudura ba za a yi ƙarau a kaina ba.

Ga manufar wasiƙata. Darakta ya ɗora mini aiki guda a matsayin zakaran gwajin dafi: in tattara ra'ayin manyan shugabannin sassa uku game da muƙamansu. Mene ne haƙiƙanin nauyin da ke wuyan kowa, ina iyakar ikonsa, me ke yi masa tarnaƙi. Zan gabatar da rapor gaban kwamitin gudanarwa a zamansa na tsakiyar watan Mayu, ranar da wa'adin gwajina ke cika. Darakta bai ɓoye mini komai ba. Ya ce akwai dattawa cikin kwamitin da ke kallon kujerata a matsayin ado da aka kawo don faranta wa masu ba da tallafi rai, kuma in na zo musu da rapor fanko, shi ba zai iya kare ni ba.

Na tunkari aikin bisa tsari na ilimi. Falsafata mai sauƙi ce: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka kowane shugaba shi ne sahihin madogara game da muƙaminsa. Na fara da aika musu tambayoyi a rubuce. Suka dawo mini da takarduna, kowa ya rubuta hamdala da godiya, kamar na aika musu gaisuwar salla. Ban karaya ba. Na wuce mataki na biyu, wato tattaunawa ido da ido. Na sauya sunayensu a nan don kare mutuncinsu.

Na fara da Malam Hashim, shugaban sashen ajiya, wanda makullan mangazar ƙungiya ke hannunsa tun ina rarrafe. Dole in bayyana miki wani abu mai nauyi a nan. Malam Hashim aminin marigayi mahaifina ne. A bayan kekensa aka kai ni lakwal, wato makarantar boko, ranar farko. A gida Baba nake ce masa, kuma ban taɓa wuce ƙofar gidansa ban durƙusa ba. Amma ƙa'idar aiki ta wajabta rarrabe zumunci da muƙami, saboda haka na aika masa takardar gayyata zuwa birona kamar kowa, na kira shi da sunan muƙaminsa. Ya zo a kan lokaci. Da ya iso bakin ƙofa sai ya tuɓe takalmansa, ya jera su, ya ɗan rusuna, ya ce, “Ranka ya daɗe, mai ma'aikata, ga talakanka ya amsa kira.” Sakatariya ta toshe baki da gyalenta ta fice. Malama, na ji zafin wannan har cikin ƙashina, amma na daure. Na ajiye salula a kan tebur don ɗaukar murya, bayan na nemi izininsa, na karanto masa tambaya ta farko.

Ya ce aiki sai godiya. Ya ce mutumin da ya tashi da lafiya ya sa hannu a aljihu ya ji makulli, in ya yi ƙorafi ya yi wa Allah butulci. Na sake fasalin tambayar ta fuska uku daban-daban, amsa ba ta sauya ba. Can sai ya gyara zama, ya kama ba ni labarin Hajiya Saratu, shugabar reshen Dungas. Wai bara da ruwan farko ya sauka, manoman Mallawa suka ɗauro shanu a amalanke suka zo ɗaukar taki. Taki na nan jibge a ɗakin ajiyar Dungas, makulli na hannun Hajiya, amma ba ta da ikon fitar da ko buhu ɗaya sai an sa hannu daga Magaria, mai sa hannun kuwa ya yi tafiya. Mutane suka yi zaman dirshan a ƙofarta. Daga gidanta ta riƙa aiko musu da fura, su kuma suna sha suna cewa ta ɓoye takin ne don ta tsallaka da shi Najeriya. Ya ce an ba ta kujera a Dungas an riƙe ƙafafun kujerar a Magaria. Na dakatar da shi cikin ladabi, na nuna masa cewa wannan bayani ya fita daga da'irar maudu'inmu, game da shi nake tambaya. Ya dube ni, ya ce to Allah ya ba da sa'a, ya sa takalmansa ya tafi.

Na yi nazari, na ce wataƙila biro ne ya yi masa kwarjini. Saboda haka Hajiya Saratu ni na je na same ta. Na bi kamiyon ƙungiya, babbar motarmu ta kaya, zuwa Dungas, aka yi rashin sa'a ranar kasuwa ce, gari ya cika da 'yan kabu-kabu, ofishinta kuma kamar tasha. Duk da haka ta sallami mutane, ta sa aka shimfiɗa mini tabarma a inuwa, aka kawo fura mai sanyi. “Ɗana” ta riƙa ce mini daga farko har ƙarshe. Sai da ta tambayi mahaifiyata, da ƙannena ɗaya bayan ɗaya, da dalilin da ya sa har yanzu ban ajiye iyali ba, kafin ta bari na buɗe baki. Na tambaye ta ko ikon da aka ba ta ya yi daidai da nauyin da aka ɗora mata. Ki lura, Malama, na riga na san labarin takin, na buɗe mata ƙofa ne kawai ta shigo. Ta yi dariya ta ce macen da aka danƙa wa reshe sukutum, in ta ce bai ishe ta ba, ai sai a ce ta cika haɗama. Ta ce ita lafiya lau.

Daga nan ta tambaye ni ko na taɓa kallon Malam Hashim lokacin da yake miƙewa daga sujada. Ta ce tun da mai yi wa ƙungiya awo a kasuwannin ƙauye ya koma Kano, aka ce Malam Hashim ya riƙe awon na ɗan lokaci, ɗan lokacin nan ya haɗiye kaka bayan kaka. Dattijo da gwiwoyinsa yana hawa bayan kamiyo yana bin kasuwanni da ma'auni. Ranar da ya fita, mangaza a kulle take, motoci su jeru suna jira, gobe a taro a ce sashen ajiya na jan ƙafa. Ta ce Allah ya gafarta mata misalin, amma ko jaki ba a ɗora masa mangala biyu. Na tuna mata cewa Malam Hashim ya riga ya yi nasa bayanin, kuma bai ambaci ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ta ce, “Yo da ka zaci zai ambata?” Ta ƙara mini fura.

Na uku shi ne Malam Manu, shugaban sashen sufuri, Bafulatani ne daga wajen Dantchiao, mutum mai tsadar magana. Shi ko gayyatar bai amsa ba. A garaji na iske shi, rabin jikinsa ƙarƙashin mota. Ya fito, ya goge hannu, ya saurare ni har na gama. Ya ce motoci suna tafiya, direbobi suna dawowa, alhamdulillahi. Sai da na fara tattara takarduna, sannan ya ce da shi ne kwamiti, da ya nema wa Malam Hashim mataimaki kafin ya sayi sabuwar taya. Ya koma ƙarƙashin motarsa.

Wannan shi ne jimillar abin da na samu. Mutum uku, tambaya ɗaya, babu wanda ya furta kalma guda game da muƙaminsa. Na yi wa lamarin tahlili, na fitar da hasashe uku. Ko dai sun raina shekaruna, ko suna tsoron rapor ɗin share fagen kora ne, ko kuma sun haɗa baki don su nuna wa kwamiti cewa kujerata ba ta da amfani. Hujjoji sun fi rinjaya zuwa ga na uku, domin salon kaucewar tasu iri ɗaya ne, kamar malami ɗaya ya biya musu.

Bisa wannan natija na rubuta rapor. Na bayyana cewa shugabannin sassa sun ƙi ba da haɗin kai ga aikin da hukumar ƙungiya ta ba da umarni a yi, na ba da shawarar a yi wa kowannensu gargaɗi a rubuce. Ta fuskar doka babu inda za a kama ni. Rapor ɗin na nan cikin jakata, kullum da shi nake zuwa biro, kullum da shi nake komawa gida. Na kasa miƙawa, kuma a nan ne matsalata ta koma ta cikin gida.

Ni ɗan fari ne. Mahaifiyata ba ta kiran sunana, ba ta yabona, kin san al'ada. Ranar da na kawo mata labarin an ɗauke ni aiki a garinmu bayan shekarun da na yi a waje, tana tsince wake ne, ta ce Allah ya sa albarka, ko kai ba ta ɗaga ba. Na fita raina a ɓace. Sai daga baya ƙanwarta, Inna Fadi, ta ja ni gefe ta gaya mini cewa ina fita ta shiga ɗaki ta yi kuka, washegari kuma ta soya waina aka raba sadaka har unguwa ta uku. To makon jiya Inna Fadi ta sake zuwa. Ta ce labarin takalman Baba Hashim ya iso gida, mata sun kawo shi wajen suna, kuma tun ranar mahaifiyata ba ta cin abinci sai an matsa mata. Ni kuwa ba ta ce mini uffan ba. Tana ajiye mini tuwona a inda ta saba, ta amsa gaisuwata, shi ke nan. Kin gani, Malama? Har cikin gidanmu babu mai fitowa ya faɗi abin da ke damunsa. Ta yaya al'umma za ta ci gaba a haka?

Ina so ki fahimci matsayina. Ba zan ajiye aiki ba. Ba zan koma Yamai in riƙa yawo da takardu ana ce mini a dawo gobe ba, alhali ga aikin da na karanta a garin da aka haife ni. Ba kuma zan ƙirƙiri amsoshi in sa a bakin mutanen da ba su faɗa ba, wannan ha'inci ne na ilimi. Na yi imani ƙungiyar nan tana buƙatar nizami, kuma manomin Mallawa ya cancanci a rubuta a sarari wane ne ke da alhakin ba shi takinsa. Amma in na miƙa wannan rapor, na rubuta gargaɗi ga mutumin da ya tsaya a kan kabarin mahaifina. In ban miƙa ba, zan tsaya gaban kwamiti hannu rabbana, su kuma su naɗe kujerar da ni a kanta.

Tambayata ita ce: in miƙa ko kada in miƙa? In kada in miƙa, me zan miƙa a madadinsa? Ina roƙo, tare da cikakken girmamawa, kada a ba ni amsar “ka yi haƙuri da manya”, na ji ta har na ƙoshi. Ina buƙatar amsa a rubuce, a wannan fili, mai ɗauke da matakai bayyanannu, kafin ranar Litinin 12 ga watan Mayu. Bayan wannan rana shawara ba za ta yi mini amfani ba.

Naki cikin girmamawa,
Mai Neman Ƙa'ida, Magaria

Amsar Malama Hinda

Wa alaikumus salam, ɗana. Ga amsa a rubuce, kuma kafin ranar da ka yanka mini. Na ji daɗin wa'adin, da dukan masu rubuto mini suna sa rana da aikina ya yi sauƙi.

Kada ka miƙa wannan rapor. Fitar da shi daga jakarka yau. Dalilina na farko ba Baba Hashim ba ne, ba kuma mahaifiyarka ba. Dalilin shi ne abin da ka rubuta a ciki ba gaskiya ba ne, kai kuwa ka ce ba ka son ha'inci. Mutanen nan sun ba ka haɗin kai. Koma ka karanta wasiƙarka kamar wani ne ya aiko maka. A cikinta akwai cewa shugabar reshen Dungas tana da makulli ba ta da ikon buɗewa, har an zarge ta da sata saboda sa hannun da ba nata ba. Akwai cewa an haɗa ajiya da awo a wuyan mutum ɗaya, kuma duk ranar da ya yi ɗaya, ɗayan ya tsaya. Mutum biyu ne ma suka shaida maka wannan, ba su zauna wuri ɗaya ba. Nauyi, iyakar iko, tarnaƙi: abubuwan da Darakta ya aike ka nema ke nan. An zuba maka su a hannu, ka ce sun fita daga maudu'i.

Gaskiya ne mai ɗaki ya san inda yake masa yoyo. Amma a ƙasarmu, in mai ɗakin babba ne, maƙwabcinsa ne ke zuwa ya gaya wa mai gyaran rufi. Ka auna da kanka. In Hajiya Saratu ta buɗe baki ta ce ikonta ya yi kaɗan, kafin ka iso Magaria an ce mace ta samu wuri tana neman kujerar Darakta. In Malam Hashim ya ce kaya sun yi masa yawa, gobe wani a kwamiti ya ce tsufa ne, a karɓi makullan. Kowannensu ya san farashin kukan kansa. Shi ya sa kowa ya ɗauki kukan ɗan'uwansa ya kawo maka, yana mai yaƙinin nasa ma wani zai kai. Ko sun shirya hakan ko ba su shirya ba, bai dame ka ba. Malamin da ka ce ya biya musu, shi ya biya wa iyayenka da nawa.

Ban wanke su tas ba. Abin da Malam Hashim ya yi maka a bakin ƙofa, gaban sakatariya, ya yi nauyi. Yana da hanyar da zai ja kunnenka a zaurensa ba tare da ya mai da kai abin dariya a wurin aikinka ba. Malam Manu ma ya kamata ya amsa gayyata ko ya aiko da uzuri. Kuma kana da gaskiya a babbar magana: wannan kawaici da muke taƙama da shi yana da tsada. Shi ya bar mace tana shan zagi a kan laifin da ba nata ba, shi ya bar dattijo a bayan kamiyo kaka bayan kaka, kowa ya sani, ba wanda ya rubuta. Kada wani ya ce maka nizami bai dace da mu ba. Amma kai ma ka aika wa aminin mahaifinka takarda, ka zauna bayan tebur ka kunna masa na'ura. Rarrabe zumunci da muƙami yana nufin kada ka fifita shi a hukunci. Bai hana ka taka ka same shi ba, yadda ka taka har Dungas ka sami Hajiya.

Ga matakan da ka nema.

Ka fara da gidan Baba Hashim, ranar Juma'ar nan bayan la'asar. Ka riƙe goro, ka bar jaka da salula a gida. Ka tuɓe takalmanka inda ka saba tuɓewa, ka ce masa Baba, ka ce ka yi kuskuren kiransa maimakon zuwa. Ba sai ka yi dogon jawabi ba, kuma ka ajiye manyan kalmominka a waje tare da takalman, za ka same su in ka fito. In ya saki fuska, ka roƙe shi ya ƙarasa maka labarin Hajiya Saratu da ka katse. Akwai saura.

Daga nan ka juya tambayarka. Ka daina tambayar mutum aikinsa, ka tambaye shi aikin abokinsa: ina yake wahala, me za a ɗauke masa, me za a ƙara masa. Za ka sha mamakin yadda bakuna za su buɗe. Abin da ka tara, ka kai wa mai shi ya tabbatar, domin zancen maƙwabci ma yakan yi ƙari. Ka ce masa an gaya maka kaza game da kujerarsa, kana son rubutawa, ko akwai gyara. A nan ba ka sa shi ya yi kuka ba, ka ba shi damar gyara maganar wani ne kawai. In ya gyara maka wani wuri, ka samu shaida mafi ƙarfi. In ya ce kai dai ka ga abin da ya dace, ya amince ke nan. In ya ce ka bar shi, ka tambaye shi wane ɓangare, ka bar wannan ɓangaren.

Rapor ɗinka ya yi magana a kan kujeru, ya bar mutane. Kujerar reshen Dungas tana buƙatar ikon fitar da taki a lokacin shuka ba tare da jiran Magaria ba. Aikin awo yana buƙatar mai shi, dabam da mai ajiya. Kada gwiwar kowa ta shiga takarda, kada kuma a ga wane ne ya faɗi me. Nan ne ilimin da ka karanta zai yi aiki, domin su sun san ciwon, kai ka san yadda ake rubuta shi ya zama doka.

Ka yi hattara da abu biyu. Na ɗaya, maganar Dungas ta taɓa sa hannun da ake yi a Magaria, wato ta taɓa Darakta ko na kusa da shi. Ka kai masa a keɓe kafin zaman kwamiti, ka bar shi ya ɗauke ta a matsayin gyaran da shi ya sa a binciko. Kada ya fara jin ta a gaban dattawa. Na biyu, Malam Manu. Ka lura an yi magana a kan Hajiya, an yi a kan Malam Hashim har sau biyu, shi kuwa ba wanda ya ambace shi? Ko dai ba shi da damuwa, ko ba shi da mai kai masa kuka. Shugaban sufuri da ake iskewa ƙarƙashin mota da kansa, ni ban yarda ba shi da damuwa ba. Ka tambayi sauran biyun game da shi. In su ma ba su sani ba, ka koma garaji ka zauna, ba tambaya, ka ga yadda yininsa ke tafiya. Kada raporka ya fita babu shi.

Ba zan yi maka alƙawarin kwamiti zai tabbatar da kai ba, ban san zukatansu ba. Abin da na sani, hadari ya fara haɗuwa, amalanken Mallawa sun kusa kama hanya. In suka iso Dungas bana Hajiya ta buɗe ƙofa da ikonta, zai yi wuya wani ya miƙe ya ce kujerarka ado ce.

Saura tambayarka ta yadda al'umma za ta ci gaba alhali ba mai faɗin abin da ke damunsa. Ɗana, ta bakin wa ka ji mahaifiyarka ta yi kukan murna? Ta bakin wa ka ji ta daina cin abinci? Ba ka ce wa Inna Fadi ta fita daga maudu'i ba. Ka yarda da ita nan take, har maganarta ta hana ka miƙa takardar da doka ta ba ka ikon miƙawa. Gidanku yana da mai ɗaukar magana daga inda ba a iya faɗinta zuwa inda za a yi aiki da ita. Ƙungiyarku ba ta da shi, shi ya sa aka yi kujerarka. Kai ne Inna Fadinsu, sai dai kai an ba ka alƙalami.

Mahaifiyarka kuwa kada ka je kana ba ta haƙuri, za ka ƙara mata nauyi ne. Ka je gidan Baba Hashim kawai. Kafin ka dawo labari ya riga ka isa, ka san ta bakin wa. Ka dubi kwanonta a daren.

Allah ya yi maka jagora, ya tabbatar da kai a kujerarka, ya ba mu damina mai albarka. A gai da Inna Fadi.

Malama Hinda